Darasi na 14: Baƙo a Bikin Raye-rayen Gargajiya na Duniya

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana ma'anar bikin raye-rayen gargajiya na ƙasa da ƙasa;
2. kawo sunayen wasu raye-rayen Hausawa da kayan kiɗansu;
3. faɗin abubuwan da ke sauyawa idan aka ɗauke rawa daga dandali aka kai ta kan dandamali;
4. amfani da kalmomin kiɗa da rawa a cikin jimloli.

Gabatarwa

Ɗalibi, ka taɓa tsayawa a dandalin garinku da dare, ga farin wata ya haske ƙasa, makaɗa suna kiɗa, samari da 'yan mata suna taka rawa? Wataƙila ka saba da ganin haka har ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. To, a ce ka kammala makarantar sakandare a nan Ngojin, Allah ya ba ka sa'a ka sami gurbin ƙaro ilimi a ƙasar Faransa. Yau wata goma ke nan rabonka da gida. Ka yi kewar tuwo da miyar kuka, ka yi kewar hayaniyar kasuwar shanu ta Potiskum. Ana nan sai aka ba da dogon hutu, wani abokin karatunka ya gayyace ka zuwa bikin raye-rayen gargajiya na duniya. Me za ka gani a can? Me kuma za ka ce idan aka tambaye ka game da rawar gidanku? Waɗannan tambayoyi biyu su ne jigon darasinmu.

Ma'anar Bikin da Tarihinsa

Bikin raye-rayen gargajiya na ƙasa da ƙasa taro ne da ake gayyato ƙungiyoyin makaɗa da masu rawa daga ƙasashe daban-daban. Kowace ƙungiya takan nuna rawar da al'ummarta ta gada kaka da kakanni. Irin waɗannan bukukuwa sun yawaita a nahiyar Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a shekarar 1945. Jama'a sun gaji da gaba, suna neman abin da zai haɗa kansu. A shekarar 1947 aka fara bikin waƙa da rawa na garin Llangollen da ke ƙasar Birtaniya. A shekarar 1958 kuma aka fara na garin Confolens a Faransa, wato bikin da abokinka ya gayyace ka.

Confolens ƙaramin gari ne a bakin kogin Vienne, mazaunansa ba su kai 3,000 ba. Duk da ƙanƙantarsa, a watan Agusta yakan cika maƙil da baƙi daga nahiyoyin duniya. A wannan gari ne aka kafa majalisar masu shirya bukukuwan gargajiya ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da CIOFF, a shekarar 1970.

Mu ma a Afirka ba a bar mu a baya ba. A shekarar 1966 shugaban ƙasar Senegal, Léopold Sédar Senghor, ya karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na farko a birnin Dakar. Karo na biyu a Nijeriya aka yi shi, shi ne FESTAC 77. An buɗe shi a Legas ranar 15 ga Janairu, 1977, aka rufe ranar 12 ga Fabrairu. Mahalarta kimanin 16,000 ne suka zo daga ƙasashe fiye da 50, kuma a Kaduna aka yi gagarumin hawan daba domin baƙi. A cikin gida ma akwai bikin al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST, wanda aka fara a shekarar 1970 bayan yaƙin basasa, domin jihohi su riƙa haɗuwa suna nuna al'adunsu.

Ranar Biki

Ga ka a Confolens. A gida yanzu damina ta yi tsakiya, manoma suna gona. A nan kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, saboda haka yini yana da tsawo, shagali ma haka.

A irin wannan biki, abin da zai fara ɗaukar hankalinka shi ne jerin gwano. Kowace ƙungiya takan ratsa titunan gari riƙe da tutar ƙasarta, sanye da tufafin gargajiya, makaɗanta suna biye. Da yamma kuma sai a koma babban dandamali, inda ƙungiyoyi ke hawa ɗaya bayan ɗaya.

A nan za ka tabbatar da cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutanen Ayalan sukan sauke hannuwa a gefen jiki, ƙafafu kaɗai ke aiki. Mazajen ƙasar Jojiya sukan tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa suna juyi. Makaɗan Burundi sukan shigo fili ɗauke da manyan ganguna a ka, suna tafe suna kaɗawa. Ba ka jin harshen ko ɗaya daga cikinsu, amma za ka gane wace rawa ce ta murna, wace ce ta nuna jaruntaka.

A ce kuma can cikin dare aka kira wata ƙungiya daga arewacin Nijeriya. Ka ji an busa sarewa, ganga ta amsa, masu rawa suka shigo da kacau-kacau ɗaure a ƙafafu. Tsigar jikinka ta tashi, domin ka gane rawar Koroso ce. Babu mamaki ka ji ƙwalla ta cika maka ido. Sai dai idan ka natsu, za ka lura da cewa rawar ta ɗan bambanta da irin wadda ka saba gani a gida.

Daga Dandali Zuwa Dandamali

Dandali fili ne na gari inda jama'a ke taruwa su yi wasa. Dandamali kuwa wuri ne da aka ɗaga sama domin 'yan kallo su hangi masu wasa. Harafi biyu kacal ya raba kalmomin, amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Idan aka ɗauke rawa daga dandali aka kai ta kan dandamali, abubuwa huɗu sukan sauya.

Na farko shi ne lokaci. A gida ana iya fara kiɗa bayan sallar isha'i a kai tsakar dare, wanda ya gaji ya fita, wani ya shiga. A kan dandamali kuwa mintoci kaɗan ake ba kowace ƙungiya. Dole a datse rawar, a zaɓi sassan da suka fi burge ido.

Na biyu shi ne fuskantar masu rawa. Yawancin raye-rayenmu a da'ira ake yin su. Dubi rawar takai: samari ne ke zagayawa, kowa riƙe da sanda, yana juyowa ya buga ta da sandar na gabansa, ya sake juyawa ya buga da ta na bayansa. Jama'a kuma sun kewaye su ta ko'ina. A kan dandamali 'yan kallo suna gefe ɗaya ne, don haka akan buɗe da'irar, masu rawa su jeru suna fuskantar kujeru.

Na uku shi ne matsayin 'yan kallo. A dandali babu wanda ya zo kallo kawai. Mata suna rangaɗa guɗa, maroƙi yana kirari, mai hali yana shiga fili ya yi liƙi. Makaɗi yana iya kiran sunan mutum da ganga, shi kuwa ya taso ya amsa da ƙafa. A Turai 'yan kallo sukan zauna shiru, sai an gama su yi tafi. Shirun nan ba raini ba ne, hanyarsu ce ta girmama mai wasa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne dalilin rawar. A ƙasar Hausa raye-raye da yawa suna tafiya ne da sana'a. Mahauta suna da kiɗan kalangu. Maƙera suna da kiɗan dundufa. Manoma suna da gangar noma, wadda ake kaɗa musu a wurin gayya domin ƙara musu kuzari. 'Yan hoto sukan jefa garma sama su cafe, domin nuna ƙarfi da ƙwarewar manomi. To, Bafaranshen da ke zaune kusa da kai zai ga mutum yana wasa da ƙarfe mai nauyi, ya yi mamaki, ya tafa. Amma bai ga gona ba, bai ga gayya ba, bai san cewa da wannan garma ake ciyar da iyali ba. Ƙungiya tana iya ɗauko ganga da tufafi a jirgi, amma ba ta iya ɗauko gonar. Wanda zai cike wannan giɓi shi ne ɗan ƙasa da ke zaune a cikin 'yan kallo, wato kai.

"Wacce Ce Taku?"

Da zarar an san daga Nijeriya ka fito, sai tambayoyi su yi maka caa. Me ake kiran wannan rawa? Yaushe ake yin ta? Me makaɗin yake faɗa? Kai ma ka iya? A wannan lokaci ka zama jakadan gidanku, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

A nan akwai tarko guda biyu. Na farko shi ne ka ji kunya ka ce, "Ai waɗannan abubuwan mutanen ƙauye ne." Wanda ya faɗi haka ya zubar da mutuncin iyayensa a gaban baƙi. Na biyu shi ne ka ƙirƙiro amsa domin kada a ce ba ka sani ba. Wanda ka faɗa wa zai tafi da ƙaryar, ya kuma faɗa wa wasu.

Mafita ita ce gaskiya da ilimi. Idan an tambaye ka game da Koroso, ka ce rawa ce da aka tsara a Kano, aka haɗa salon Hausawa da na Fulani a cikinta. Sa'an nan ka ƙara da cewa kai daga Jihar Yobe ka fito, jihar da aka ƙirƙiro a shekarar 1991, kuma a yankin Potiskum akwai Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa, kowace al'umma da kiɗanta da rawarta. Kana iya gaya musu cewa harsunan Ngizim da Karekare da Bolanci da Ngamo 'yan uwan Hausa ne, duka daga iyalin harsunan Cadi suka fito. Da haka baƙo zai gane cewa Nijeriya gida ne mai ɗakuna da yawa. Amma ba za ka iya wannan bayani ba sai idan ka tambayi manya tun kana gida.

Ladubban Baƙo

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Saboda haka ka kiyaye waɗannan abubuwa. Ka isa wurin zama kafin a fara wasa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum daga kusa. Kada ka yi wa rawar wasu dariyar raini, domin kai ma taka baƙuwa ce a idonsu. Ka tambayi abin da aka dafa abinci da shi kafin ka ci. Idan aka miƙo maka abin da addininka ya hana, ko aka jawo ka rawar da ba ka gamsu da ita ba, ka yi godiya ka ƙi cikin fara'a.

Tattaunawa

Bayan an tashi daga wasa, ɗalibi ya ji wani dattijo yana magana da Hausa a waya. Da ya gama, sai ya matsa kusa da shi.

Ɗalibi: Salamu alaikum, Baba. Barka da dare.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Samari, ashe kana jin Hausa? Mutumin ina ne?

Ɗalibi: Daga Nijeriya nake, Baba. Garinmu Ngojin, a ƙasar Potiskum. Karatu ya kawo ni.

Dattijo: Fataskum mai kasuwar shanu! Ina saurayi na sha kai dabbobi can. Ni mutumin Damagaram ne, na daɗe a ƙasar nan. Yaya ka ga wasa?

Ɗalibi: Ya ƙayatar ƙwarai, sai dai na sha kunya. Wata tsohuwa ta tambaye ni irin rawar da ake yi a garinmu bayan girbi, na rasa abin faɗi.

Dattijo: Ba ka taɓa ganin ta ba ne?

Ɗalibi: Na sha gani, Baba, amma ban taɓa tambayar sunanta ko ma'anarta ba.

Dattijo: To, ɗana, ai matambayi ba ya ɓata. Kakanka yana da rai?

Ɗalibi: Yana nan, Baba.

Dattijo: Alhamdu lillahi. Gobe ka kira shi, ka tambaye shi, ka rubuta duk abin da ya faɗa maka. Ni nawa kakan ya rasu ban tambaye shi ba, ga shi har yau abin yana damuna.

Ɗalibi: Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.

Dattijo: Amin, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya mai da kai gida lafiya.

Kammalawa

Ɗalibi, ka ga yadda Hausa ta haɗa mutumin Ngojin da mutumin Damagaram a tsakiyar Faransa. Ka kuma ga cewa wanda ya je bikin duniya yana buƙatar guzuri iri biyu: idon kallon al'adun wasu, da bakin bayyana tasa. Na farko a can ake samun sa, na biyu kuwa daga gida ake tafiya da shi. Masu wannan ilimi tsofaffi ne, kullum kuma raguwa suke yi. Ka tambaye su tun suna nan.

Ma'anar Kalmomi

kewa: tunanin wani mutum ko wuri da aka rabu da shi
jerin gwano: tafiyar mutane a jere, wani na bin wani
kacau-kacau: abin da mai rawa ke ɗaurawa a ƙafa domin ya yi ƙara
sarewa: abin busa siriri mai ƙofofi
guɗa: ƙara mai zaƙi da mata ke yi domin nuna murna
liƙi: manna wa makaɗi ko mai rawa kuɗi a goshi
gayya: aikin taimakon juna da jama'a ke taruwa su yi
garma: babban abin noma da ake yin huɗa da shi
jakada: wakilin da ke magana da yawun mutanensa
guzuri: abin da matafiyi ke tanada domin hanya

Nazarin Harshe

A. Kowane abin kiɗa yana da aikatau da ya dace da shi. Ana kaɗa ganga da kalangu da dundufa. Ana busa sarewa da algaita da kakaki. Ana rera waƙa, ana taka rawa, ana rangaɗa guɗa. Kuskure ne a ce "ya kaɗa algaita".

B. Ana samar da sunan mai yin aiki ta hanyar sa ɗafa-goshin "ma-" a gaban aikatau. Ga misalai na namiji da mace da jam'i:

kaɗa: makaɗi, makaɗiya, makaɗa
roƙa: maroƙi, maroƙiya, maroƙa
noma: manomi, manomiya, manoma
busa: mabushi, mabushiya, mabusa

Lura da yadda "s" ta koma "sh" a gaban wasalin "i" a misali na ƙarshe. Game da rawa kuwa, an fi cewa "mai rawa" da "masu rawa".

C. Kalmar "rawa" tana fitowa a cikin maganganun da ba su shafi kiɗa ba:

rawar jiki: ɗoki da hanzarin yin abu. Misali: Ya tarbi baƙinsa da rawar jiki.
rawar kai: rashin natsuwa. Misali: Yaron nan ya cika rawar kai.
rawar ɗari: karkarwa saboda sanyi. Misali: Na iso Faransa ina rawar ɗari.
taka rawar gani: yin abin yabo. Misali: Ɗalibanmu sun taka rawar gani a gasar.

Tambayoyi

1. Me ya sa bukukuwan raye-raye suka yawaita a Turai bayan shekarar 1945?
2. A wace ƙasa garin Confolens yake, kuma a wane wata ake bikinsa?
3. Yaushe aka buɗe FESTAC 77, kuma me aka yi a Kaduna?
4. Kawo abubuwa huɗu da ke sauyawa idan aka kai rawa kan dandamali. Yi bayanin biyu daga ciki.
5. Waɗanne tarkuna biyu ne aka gargaɗi ɗalibi a kansu?
6. Me ya sa dattijo ya tambayi ɗalibi ko kakansa yana da rai?
7. Cike gurbi da aikatau da ya dace: (a) Mabushi ya ______ kakaki. (b) Mata sun ______ guɗa. (c) Samari suna ______ rawa.
8. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana: (a) Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. (b) Baƙo ko da ido makaho ne. (c) Matambayi ba ya ɓata.

Jinga

Ka je wurin wani dattijo ko wata dattijuwa a gidanku ko unguwarku. Bayan gaisuwa, ka nemi bayani a kan rawa ɗaya ta al'ummarku: sunanta a harshenku, lokacin da ake yin ta, masu yin ta, kayan kiɗanta, da dalilin yin ta. Rubuta abin da ka samo da Hausa cikin jimloli 15. A darasi na gaba kowa zai karanta nasa a gaban aji, kamar yana yi wa baƙo bayani.